Yadda ƙaramar hukuma za ta ba da filinta a gina ba tare da ya kuɓuce mata ba

Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, tashoshin mota da mahauta. Yawancinsu ba su da kuɗin gini, sai su kira kamfani ya gina shaguna da jarinsa, ya karɓi haya na wasu shekaru, sannan ya mayar da ginin. Tsarin ba shi da aibi. Ɓarnar takan shiga ne tun ba a aza bulo ko ɗaya ba.

A fara da takardar filin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen cikin birni a hannun gwamna, kuma ba a jinginar da su ko sauya musu mai riƙewa sai da amincewarsa. Don haka safiyo ya auna filin, a kafa duwatsun iyaka, a yi rajista da sunan ƙaramar hukumar a ofishin filaye na jiha, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna. Idan aka bar wannan aiki a hannun kamfanin, yana iya fitar da takardar da sunansa ya kai banki ya ci bashi. Ranar da ya kasa biya, kasuwar jama'a ce banki zai riƙe.

Sai ƙima. A ɗauko ƙwararren mai ƙiyasta kadarori, wanda hukuma ce za ta biya shi, ya faɗi darajar filin da hayar da shaguna za su kawo a shekara. Filin shi ne jarin jama'a, da wannan lissafi ake sanin rabon kowa.

A tallata aikin a jarida da allon sakatariya na mako 4 zuwa 6, a buɗe tayin kamfanoni a bainar jama'a. A bincika rajistarsu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, a je a ga ginin da suka taɓa kammalawa da ido, banki kuma ya tabbatar da kuɗinsu a rubuce.

Yarjejeniya ita ce wurin da ya kamata a daɗe. A rubuta cewa haya ce ta ƙayyadadden lokaci, ba sayarwa ba. Yawan shekarun kuma lissafi ne zai fitar da shi: idan gini zai ci naira miliyan 600, abin da zai saura daga haya bayan ɗawainiya kuma miliyan 60 ne a shekara, jarin zai dawo cikin shekara 10, sai a ƙara masa wa'adin riba da ya dace. Babu hujjar ba da shekara 50 a irin wannan. A sa ranar fara aiki da ranar gamawa, da sharaɗin cewa in aiki ya tsaya wata 6, fili ya koma hannun hukuma. A karɓi lamunin banki daga kamfanin, wato alkawarin banki na biyan hukuma in kamfanin ya saɓa, na kamar kashi 10 cikin ɗari na kuɗin aikin. A hana kamfani karɓar kuɗin shago kafin gini ya kai matakin da aka ambata a yarjejeniyar, domin nan ne ake yawan cutar mutane: a tara kuɗinsu tun ana haƙa harsashi, aiki ya tsaya, su dawo suna zarya a sakatariya. A haɗa zanen da hukumar tsara birane ta amince da shi cikin yarjejeniyar, da adadin shaguna, faɗin hanyar da motar kashe gobara za ta bi, magudanan ruwa da banɗakuna. Abin da ba a rubuta ba, gobe za a tarar an mayar da shi shago.

Kafin a rushe rumfa ko ɗaya, a ƙidaya masu sana'a a wurin tare da shugabannin kasuwa, da suna da hoto da lambar rumfa. A ba su matsugunin wucin gadi, a kuma rubuta farashin da za su koma a kai. Mai sayar da tumatir ba zai iya biyan kuɗin shagon bene ba, dole zanen ya tanadi rumfuna masu sauƙi.

Majalisar kansiloli ta amince da yarjejeniyar a zamanta, a ajiye kwafi a wurin mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha, don kada sauyin ciyaman ya tafi da ita. Injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya duba kowane mataki kafin a zuba kankare. Kason hukuma kuma ya riƙa shiga asusunta na banki kai tsaye. Shekara 2 kafin wa'adi ya cika, a zagaya ginin tare, a lissafa gyaran rufi, wayoyin lantarki da kwalbati, kamfani ya kammala su kafin a sake masa lamuninsa.