Yadda ake sayen katin PlayStation a sauke tsofaffin gem ba tare da kuɗi sun maƙale ba

Yawancin waɗanda suke kawo min kuka kan katin PlayStation, wato katin loda kuɗi a akawun don sayen gem, a nan Bauchi, kuskure ɗaya suka yi: sun sayi katin kafin su duba akawun ɗinsu. Mutum ya tuna gem ɗin da ya buga yana yaro a gidan gem na unguwarsu, ya tura wa wani kuɗi ta WhatsApp, a turo masa lamba, ya zo ya saka, na'ura ta ƙi karɓa. Kati kuwa in an saya an saya, ba a mayarwa. Shi ya sa a tsarina sayen kati ne mataki na huɗu. Akwai abubuwa uku kafin shi.

Na farko, ka san irin na'urar da ke hannunka. Idan PS3 ko PS4 ɗinka irin wadda aka buɗe ce, wadda ake loda wa gem a shago, to ka ajiye maganar kati gaba ɗaya. Shiga PSN, wato tsarin intanet na PlayStation, da buɗaɗɗiyar na'ura na iya jawo Sony, kamfanin PlayStation, ta toshe akawun ɗin, wani lokaci har da na'urar kanta, kuɗin da ke ciki kuma su tafi. Wanda ya sayi 'yar hannu a kasuwa ya tambayi mai shago tun a wurin.

Na biyu, kuma nan ne ake yawan faɗuwa: wace ƙasa ce a kan akawun ɗinka? Kowane katin PlayStation na ƙasa ɗaya ne, kuma ba ya shiga sai a akawun na wannan ƙasar, kamar yadda katin MTN ba ya shiga layin Airtel. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da Sony ke bari a zaɓa wajen buɗe akawun, don haka duk wanda ke da akawun a nan, wata ƙasa aka sa masa. Wani Amurka, wani Ingila, wani Afirka ta Kudu. Sau da yawa ma ba shi ya buɗe ba, yaron shago ne ya buɗe masa ranar da ya sayi na'urar, ya danna ƙasar da hannunsa ya kai. Sony kuma ba ta bari a canza ƙasar akawun bayan an buɗe shi. Yadda aka buɗe shi haka zai zauna.

Za ka ji ana cewa ka duba alamar kuɗin da ke shagon PlayStation na cikin na'urar, in ka ga dala to Amurka ce. Wannan shawara ta cinye kuɗin mutane da yawa. Shagon Saudiyya da na Daular Larabawa su ma da dala suke nuna farashi, katunansu ma dala ake rubutawa a jiki. Mu kuwa na'urori da yawa daga can suke zuwa mana, wani ɗan'uwansa ya taho masa da ita daga Umara, wani daga Dubai, da akawun ɗinta a ciki. Sai ya ga dala, ya sayi katin Amurka na dala 20, lamba ta ƙi shiga, ya fara zargin mai sayarwa da damfara alhali katin lafiyarsa ƙalau. Kanada ma alamar dala take amfani da ita. Abin da za ka yi shi ne ka duba adireshin da ke kan akawun da idonka. A PS4 ka shiga Settings, sai Account Management, sai Account Information, ka buɗe wurin adireshi. Ko ka shiga akawun ɗin ta burauzar wayarka. Sunan ƙasar da ka gani a can, shi za ka faɗa wa mai sayar da kati, ka kuma sa ya maimaita maka a rubuce kafin ka tura ko sisi.

Idan sabon akawun za ka buɗe, ni Amurka nake cewa a zaɓa, don katinta ya fi sauƙin samu a wurin masu sayarwa. Amma akwai haraji. Shagon Amurka yana ƙara harajin saye gwargwadon jihar da ke kan adireshin, shi ya sa gem na dala 9.99 kan gagari mai katin dala 10, saboda 'yan santi kaɗan. Jihohi irin su Oregon, Delaware da Montana ba su da wannan harajin. In an riga an sa maka jiha mai haraji, ka sayi kati mai ɗan rara. Sannan ka sa ranar haihuwarka ta gaskiya ka kuma riƙe imel ɗin da kyau. Akawun na wanda bai kai shekara 18 ba ba shi da asusun kuɗi na kansa, daga na babba yake ci, don haka uban da zai saya wa ɗansa ya loda katin a nasa akawun ɗin.

Na uku, ka tabbatar gem ɗin da kake nema yana shagon. Ka rubuta sunansa ka nema kafin ka kashe kuɗi. Waɗanda suka taso da Winning Eleven da PES na PS2 su sani babu su a can. Tsohon GTA San Andreas ma an cire shi daga shagon a 2021 aka maye gurbinsa da wanda aka sabunta. Abin da ake samu a PS4 da PS5 kashi biyu ne. Akwai waɗanda ake saya ɗai-ɗai su zama naka, irin su Syphon Filter da Ape Escape. Akwai kuma rumbun tsofaffin gem na PS1, PS2 da PSP da ke cikin babban matakin PlayStation Plus, tsarin da ake biya wata-wata ko shekara-shekara, matakin da aka fara a watan Yunin 2022, ana kiransa Premium a Amurka, a wasu ƙasashen kuma Deluxe. Wannan haya ce. Ranar da kuɗinka ya ƙare gem ɗin zai kulle ko da yana cikin na'urarka. Gem ɗin PS3 da ke cikin Premium kuwa ba a sauke su, ta intanet ake buga su kai tsaye, kuma wannan ba abin da za ka dogara da shi ba ne a nan. In gem biyu ko uku kawai kake so, ka saye su ɗai-ɗai, ya fi maka arha nesa ba kusa ba.

Masu tsofaffin na'urori su kula da shagunan da aka rufe. Na Wii ya rufe a Janairun 2019, na 3DS da Wii U sun daina sayarwa a Maris ɗin 2023, na Xbox 360 ya rufe a Yulin 2024. Duk wanda ya ce zai sayar maka da kati don sauke gem a waɗannan, ka riƙe kuɗinka. Na PS3 Sony ta ce za ta rufe a 2021 sai ta fasa, amma tun Oktoban shekarar ta daina karɓar katin banki a cikinsa, sai dai a loda asusu da irin wannan katin ko ta shafinsu. Ka buɗe shagon a na'urarka ka ga yana aiki tukuna. PS3 kuma tana neman wani fasuwod na musamman da ake ƙirƙira a shafin akawun, ba wanda ka saba ba.

Sai sayen katin. Ka lissafa dalar da ke jikinsa da farashin canji na ranar, ka ƙara ɗan ribar mai sayarwa. Duk wanda ya ba ka ƙasa da farashin dala sosai, ka guje shi. Irin waɗannan katunan galibi da kuɗin sata aka saye su, kuma idan mai kuɗin ya kai ƙara, akawun ɗinka ne zai sha. Na fi son mai shagon da zan iya komawa wurinsa gobe, ko a Wunti ko a Yelwa, a kan wani da ban san fuskarsa ba a Facebook, ko da zai ɗan fi tsada. In da hali ka loda lambar a gabansa ta wayarka. Kada ka tura hoton lambar wa kowa, wanda ya riga saka ta shi ke da kuɗin.

Lambar PlayStation haruffa da lambobi 12 ce, ta Nintendo 16, ta Xbox 25. In aka turo maka wadda adadinta bai yi daidai ba, katin wani kamfani ne. A PS4 ka shiga shagon, ka gangara can ƙasa zuwa Redeem Codes. A PS5 yana cikin Settings, ƙarƙashin Users and Accounts. Ka rubuta a hankali, sifili da harafin O suna rikita ido. Kuɗin zai shiga asusu, sai ka koma kan gem ɗin ka biya.

Saukewa ba wuya. Gem ɗin PS1 ba shi da nauyi, abin da ke cin data shi ne sabunta na'urar da za ta nema in ta daɗe ba ta hau intanet ba, don haka ka bari sai dare ka sayi data mai arha, kuma lokacin da kake da tabbacin wuta. In ka gama, ka mayar da na'urar ta zama ta farko a akawun ɗin: a PS4 Activate as Your Primary PS4, a PS5 Console Sharing and Offline Play. Da wannan ne gem ɗin da ka saya zai buɗe ba tare da intanet ba, ƙannenka ma su buga da nasu akawun ɗin. Wanda ya shiga PlayStation Plus kuma ya kashe sabunta biya ta kai tsaye a ranar, in ba haka ba ragowar kuɗin da ke asusu za a cire wata mai zuwa.