Kurakuran da aka fi yi wajen sabunta takardar bayanin direban katin rezo a Linux

Duk matashin da ya ce yana son sa hannu a karnel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa kayan kwamfuta, shawarar da ake fara ba shi ita ce ya soma da takardun bayani. Shawarar ba ta da laifi, kuma aikin yana nan jibge. Takardun direbobin katin rezo, wato kod ɗin da ke tuƙa katin, suna cikin Documentation/networking/device_drivers, wasunsu asalin rubutunsu tun zamanin Linux 2.4 ne da ya fito a 2001, kod ya yi gaba ya bar su a baya. Matsalar ita ce yawancin ɗalibanmu na Yamai suna shiga aikin da niyyar gyaran Turanci: a sa waƙafi nan, a canja kalma can. Alhali kowane layi a takardar direba alkawari ne, cewa in ka buga umarni kaza katin zai yi kaza. Mai sabuntawa aikinsa ya bi alkawuran nan ɗaya bayan ɗaya ya ga ko direban yana cika su har yanzu.

Gaskata takarda, ko ƙwaƙwalwa, a bar kod

Wannan shi ne babban kuskure, sauran duk ƴaƴansa ne. Mutum zai buɗe tsohuwar takarda ya ga jerin saitunan da ake ba modul, wato direban da ake lodawa cikin karnel, lokacin loda shi, ya gyara musu tsari su yi kyau, bai taɓa duba ko suna nan a cikin direban ba.

Ɗauki direbobin Intel guda biyu, e1000 da e1000e. Na farko na tsofaffin katunan PCI ne, na biyu na PCI Express, ya shigo karnel a 2.6.24 a 2008. Suna kusan ɗaya, takardunsu ma sun yi kama, amma kama da wane ba ta wane. A e1000 akwai saitunan Speed, Duplex, RxDescriptors da TxDescriptors. A e1000e babu ko ɗaya daga cikinsu. Gudun layi da ethtool -s ake saita shi, girman zoben karɓa da aikawa kuma da ethtool -G. Wanda ya kwafo sakin layi daga wannan takarda zuwa waccan don cike giɓi ya rubuta abin da babu. Abin da ya ƙara muni, karnel na yanzu ba ya ƙin loda modul saboda saitin da bai sani ba. Layi ɗaya yake rubutawa a dmesg, inda ake ganin saƙonnin karnel, cewa ya yi watsi da shi, ya ci gaba da harkarsa. Mai karatu ya tafi da zaton ya saita katinsa, ba abin da ya canja.

Maganin ba wuya. Umarnin modinfo -p e1000e zai jero saitunan da modul ɗin ya sani. Daga nan a buɗe drivers/net/ethernet/intel/e1000e/param.c a duba ƙimar asali da iyakar ƙasa da ta sama na kowanne, domin a nan ne takardu suka fi tsufa ba a lura ba: sunan saiti yana nan, lambar ta canja. In akwai sunan da ke takarda ba ya cikin kod, git log -S tare da sunan zai nuna komit ɗin, wato canjin da aka ajiye a tarihin kod, da ya cire shi da dalilin cirewar. Kada a dogara da /sys/module/e1000e/parameters kaɗai. Saitin da aka yi wa rajista ba tare da izinin karantawa ba, ba ya bayyana a wurin ko da yana aiki, kuma yawancin na e1000e haka suke.

Haka maganar lambar siga. Tsofaffin takardu kan ce a duba sigar direba da ethtool -i a tabbatar ta kai kaza. A 2020 an cire lambar siga daga direbobi da dama, yanzu sigar karnel ce ke fitowa a gurbin. Jimla irin wannan ba lamba za a canja mata ba, cire ta za a yi.

Gwaji a kan katin da ba shi ba

Kwamfutocin da ke hannun yawancinmu na hannu ne, daga Katako ko shagunan kewayen Babbar Kasuwa, wani lokaci an canja musu kayan ciki. Abin da aka rubuta a jiki ba hujja ba ne. A buga lspci -nnk a karanta lambobi biyun da ke cikin baka, ta farkon ta kamfani ce: 8086 na Intel ne, 10ec na Realtek, a ƙasa kuma za a ga direban da ke riƙe da katin. In ɗan adafta ne na USB, lsusb da ethtool -i za su faɗa; da yawansu r8152 ko ax88179_178a ke tuƙa su.

Realtek na da tarko na musamman. Katin 10ec:8168, wanda ya cika kwamfutocin tebur, r8169 ne direbansa a cikin karnel. Kamfanin kuma yana rarraba nasa daban mai suna r8168, da takardarsa daban. Bayanin wancan ba ya hawa kan wannan. Ko a Intel ma, direban da ake saukewa daga kamfani yana iya zuwa da saitunan da na cikin karnel bai da su, don masu kula da sashen rezo sun daɗe ba sa son ƙarin saitunan modul, sun fi son a bi ta ethtool ko devlink.

Sai sigar karnel ɗin kanta. Ubuntu 22.04 da 5.15 ta fito, Debian 12 da 6.1. Takardar da kake gyarawa kuwa bayanin kod ɗin da ke reshen net-next, inda masu kula da sashen rezo ke tara sabon aiki, take yi a yau. Dole a haɗa karnel daga reshen a gwada a kansa. Wanda ba shi da katin, QEMU, manhajar da ke tada kwamfutar gwaji cikin kwamfuta, na kwaikwayon e1000 da e1000e da rtl8139, ya isa a gwada loda modul da saituna da canja MTU, wato iyakar girman ƙunshin bayanai da katin ke aikawa. Bai isa a yi magana kan abin da ya shafi waya ta gaske ba, kamar sasanta gudu da suwic ko tada kwamfuta ta rezo. Abin da ba ka gwada ba, ka bar shi yadda yake.

Wata ƴar shawara ta gefe ga mai sayen intanet da ƴan jikkunansa: git clone --depth 1 na rage kashe kuɗi, amma ba ya zuwa da tarihi, kuma ba tarihi ba git log -S. Cikakken clone kuma in kuran ya ɗauke a tsakiya daga farko ake komawa. Shafin kernel.org na ajiye tarihin a dunƙule cikin fayil guda da wget -c ke iya ci gaba da saukewa daga inda ya tsaya. Mutum ɗaya ya sauke, sauran su kwafa a kile.

Musanya tsofaffin umarni ido rufe

Kowa ya san ifconfig ya tsufa. Tun Debian 9 a 2017 ba a girka net-tools kai tsaye. Amma ip ba sabon sunan ifconfig ba ne, tsarin jimlarsa daban. Inda aka ce ifconfig eth0 mtu 9000 up, sai ya koma ip link set dev eth0 mtu 9000 up. Adireshi kuma da ip addr add ake sa shi, netmask ya koma /24 a ƙarshensa. Kowane umarni da ka sake, ka buga shi da hannunka kafin ya shiga takarda. Inda aka ambaci /etc/modules.conf ko /etc/modprobe.conf, yau fayil ne a cikin /etc/modprobe.d/.

Game da eth0 kuwa ana wuce gona da iri. Tun systemd 197 a 2013 ake ganin sunaye irin enp3s0, sai mai gyara ya bi takarda yana maye eth0 da sunan da ke kwamfutarsa. Sunan nan daga ramin da katin ke zaune ya samo asali, na wani ba zai zo ɗaya da naka ba. Karnel har gobe eth0 yake raɗawa, udev, mai kula da na'urori a systemd, ne ke canjawa daga baya. A bar eth0 ko ethX, a faɗa sau ɗaya cewa mai karatu ya sa sunan nasa.

Akwai kuma abin da ya fi kama mu masu kwamfuta da Faransanci. Wasu umarnin suna fassara saƙonninsu, sai a liƙa misali rabi Faransanci cikin takardar Turanci. A sa LC_ALL=C a gaban umarnin kafin a kwafi abin da ya fitar. Kuma kada a kusanci LibreOffice ko Word da wannan aiki: suna mayar da alamar zance zuwa « », su haɗe gajerun layuka biyu na gaban zaɓi su zama dogo ɗaya, su cusa tazarar da ido ba ya gani kafin ɗigo biyu. Umarnin da ya bi ta nan ya mutu.

Sharewa don kawai abu ya tsufa

Sabon hannu yana ganin maganar 10 ko 100 Mbit da rabin duplex sai ya ce wannan tarihi ne, ya goge. Ya leƙa ɗakin kwamfutar wata makaranta ko sibar ta unguwa tukuna, ya ga irin suwic ɗin da ke aiki. Muddin kod ɗin yana cikin karnel, bayaninsa na da mai nema, kuma sau da yawa wannan sakin layin ne kaɗai wurin da aka rubuta wata matsalar tsohon cip da yadda ake kauce mata. Abin da ya fita daga kod shi ake sharewa, tare da adireshin shafukan da suka mutu da umarnin haɗa direba a kan karnel 2.4.

Rashin gina takardar

Tun Linux 4.8 a 2016, ƙarƙashin Jonathan Corbet mai kula da takardu, takardun karnel suka koma manhajar gina takardu ta Sphinx da tsarin rubutu na reStructuredText, kuma a 2020 Mauro Carvalho Chehab ya juya ragowar na sashen rezo daga .txt zuwa .rst. Fayil ɗin yana kama da rubutu zalla, shi ya sa ake mantawa gina shi ake yi. A buga make SPHINXDIRS=networking htmldocs a karanta gargaɗin. Layin da ke ƙarƙashin take ya gaza tsawon taken, an manta :: kafin misalin umarni, sabon fayil bai shiga index.rst ba: waɗannan ukun su ne kullum. In ka canja wa fayil suna, akwai masu nuni gare shi a MAINTAINERS da bayanan Kconfig. Umarnin make refcheckdocs zai tono su.

Aikawa

Faci ɗaya, wato gyaran da ake aikawa, ya ɗauki magana ɗaya. Wanda ya haɗa gyaran haruffa da cire saiti da sauya umarni a faci guda ya sa mai dubawa tantance layi ɗari don neman ukun da ke da haɗari. Saƙon komit kuma "na sabunta takarda" bai ce komai ba. A rubuta abin da ke ƙarya a tsohon rubutun, komit ɗin da ya mayar da shi ƙarya da haruffa 12 na farkon lambarsa, da katin ko QEMU ɗin da aka gwada a kai. A wuce da shi ta scripts/checkpatch.pl, a sa Signed-off-by da sunan da aka san ka da shi. Ƙ da ɗ ba sa hana komai in dai UTF-8 ne.

Waɗanda za a aika wa, scripts/get_maintainer.pl ne zai faɗa, kuma takardar direban rezo ta hannun masu kula da direban da sashen rezo take bi, irin su Jakub Kicinski da Paolo Abeni. A rubuta reshen da ake nufi a kan take, kamar [PATCH net-next]. Ana rufe net-next na makonni biyun da Linus Torvalds ke karɓar sabbin abubuwa, facin da ya zo a lokacin sai a ce a sake turowa. A yi amfani da git send-email ko b4, don shafin Gmail yana lalata tazara ya naɗe dogayen layuka. In an yi maka gyara, ƙa'idar sashen ita ce a bar awa 24 tsakanin turawa da turawa. Siga ta biyu ta ɗauki v2 a take, abin da ya canja kuma a rubuta shi ƙarƙashin layin --- don kada ya shiga tarihin git.