Yadda ake tufka igiyar rama

Igiyar da za ta riƙe ɗan maraƙi a turke, tun daga gona ake fara ta. Sare ramar da zarar ta fara fure. Wadda aka bari ta tsufa a tsaye zarenta kaushi gare shi. Ɗaure ta dami-dami, ka nutsa a kududdufi, ka danne da dutse. Takan yi kwana 7 zuwa 14, gwargwadon ɗumin ruwan. In ka ja ɓawon ya saɓule daga karan ba gardama, ta jiƙu. Amma don Allah ban da ruwan da dabbobi ke sha, domin ɗoyi yake yi. Wanke zaren, ka shanya.

Ranar tufka, yayyafa masa ruwa ya yi laushi. Ɗebi kamar kaurin ɗan yatsa, ka ninka biyu, ɓari ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, ka maƙala a babban yatsan ƙafarka.

Nan ne aikin yake. Murza ɓarin da ke hannun damanka zuwa dama, sai ya yi tauri, sannan ka ɗora shi kan ɗan'uwansa zuwa hagu. Wanda ya dawo dama, shi ma haka. Murza dama, ɗora hagu. Kowane ɓari so yake ya warware, to wannan yunƙurin ne ke matse shi jikin ɗan'uwansa. Yaran da nake koya wa a nan ƙauyenmu na ƙasar Gumel, gefe guda suke yin duka biyun, suna saki kuwa igiya ta zube.

Zare ya kusa ƙarewa, cusa sabo tun da sauran kamar taƙi guda, ka murza su tare. Kada haɗin ɓari biyu ya faɗo wuri ɗaya. Nan igiya ke tsinkewa, shi ya sa na ce ka ninka ba daidai ba. Ta guga kuwa ɓari uku ake yi mata.

Ka gama, ƙulla bakin, ka ja ta tsakanin bishiya biyu ta miƙe.

Ran Alhamis a kasuwar Maigatari za ka ga ta roba ta cika ko'ina. Tana daɗewa, ban musa ba, amma ni ba na ɗaure akuya da ita, don tana cin ƙafa. Ita ta rama danshi ne magabcinta: in ta jiƙe, shanya ta tukuna, sannan ka naɗe ka rataye a rumbu, nesa da gara.