Yadda za ka gwada tsohuwar Nintendo 3DS kafin ka ba da kuɗinka

Wannan 'yar na'urar gem ɗin da Nintendo suka fitar a 2011 har yau tana bulla a kayan gwanjo, wani lokacin ma a shagunan waya na Ahmadu Bello Way, kuma abin da ya sa ake nemanta shi ne hoto yana fitowa kamar ka kai hannu ka taɓa, ba tare da ka sa tabarau ba, wato 3D. Dabarar ba sabuwa bace fa, tun farkon shekarun 1900 wani Ba'amurke Frederic Ives ya yi ta. Wasu siraran layuka ne a cikin sikirin ɗin sama (sikirin biyu gare ta), suna tare haske yadda idon dama zai ga hoto ɗaya na hagu ya ga wani daban, ƙwaƙwalwa ta haɗa su.

To in ka samu, fara duba sunan. Akwai 'yar uwarta 2DS, ita ba ta da 3D kwata-kwata, kar wani ya yi maka daɗin baki. Kunna ta, ka tura ɗan makunnin da ke gefen dama na sikirin ɗin sama zuwa sama a hankali, ka riƙe ta saitin fuskarka kamar santimita 30, kuma kar ka karkata, don da ka ɗan goce gefe hoton zai rabu biyu, wannan ba lalacewa bane haka tsohon samfurin yake. Amma in kana daidai tsakiya kuma har yanzu biyu-biyu kake gani, ko ka tura makunnin babu abin da ya canza, ajiye masa kayansa. Ba sai da gem ba ma, kyamarori biyu ne a bayanta, ɗauki mai shagon hoto ka gani ko ya fito daga bango.

Ni dai in da hali New 3DS ta 2014 zan ce ka nema, ita tana bin fuskarka da kyamara, hoton bai cika watsewa ba.

Sai maganar caja, wanda aka yi don Amurka na wuta volt 120 ne, ka soka shi a soket ɗinmu ya ƙone nan take. Sannan ka tambaya ta wace ƙasa ce, ta Japan ba ta karɓar gem ɗin Turai, kuma shagon intanet na Nintendo da ake sayen gem ɗin 3DS an rufe shi tun 2023. Yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa kuwa kamfanin da kansa ya ce a kashe masa 3D ɗin.