Yadda na gyara saitin bindigar iskata

Da farko a mita 10 na saita madubin hangen da ake auna abin harbi da shi, amma da na matsa mita 25, sai harsashi ya riƙa faɗawa saman abin da na auna. Ashe ba laifin bindigar ba ne. Madubin yana bisa bututu, don haka harsashi yakan ratsa layin ido sau biyu: yana hawa, sannan yana sauka. Saitin kusa ya sa yake hawa da yawa tsakanin wuraren nan biyu da yake ratsa layin.

Sai na koma mita 30, inda na fi harbi, na ɗora bindigar kan buhun yashi, ina harba biyar-biyar kafin in murɗa saiti. Harsashi iri ɗaya kuma, domin canza nauyi yana ɓata komai. Yanzu ƙasa da mita 10 kawai nake ɗan auna sama da abin da nake son harba.