Yadda za ka tuƙa keke ba tare da ɓarnar ƙarfi ba

A shekarar 1973 wani injiniya na Jami'ar Oxford, S. S. Wilson, ya kwatanta ƙarfin da dabbobi da injuna ke ƙonawa kafin su kai nauyin jikinsu kilomita ɗaya. Mai tafiya a ƙasa ya ɗan taɓuka, sai dai doki ya fi shi tattali. Amma da ya hau keke sai ya wuce kowa, domin a lissafin kusan kashi ɗaya cikin biyar kawai yake kashewa na abin da tafiyar ƙafa ke ci.

Dalilin a fili yake. Duk takun da mutum ko dabba ya yi, jiki yakan ɗaga ya sauka, ƙafa ta zabura ta tsaya, tsoka kuma tana ɗauke da nauyin jiki. A keke sirdi ne ke ɗaukar nauyin, ƙafa tana juyi ba tsayawa, taya kuma tana ci gaba da gangarawa ko ka huta. Sai dai wannan riba tana zurarewa ta 'yan ƙofofi, kuma duk ana iya toshe su.

Fara da sirdi, don nan aka fi yin kuskure. Ka zauna, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa. Ya kamata ƙafarka ta miƙe sak. In ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, to haka ake so. Mai son awo ya auna tsawon ƙafarsa ta ciki daga ƙasa zuwa matsematsi, ya ninka da 0.883. Ƙafa mai santimita 80 tana son kusan santimita 70 da rabi daga tsakiyar sandar da fedoji ke juyawa a kai zuwa saman sirdi. In sirdi ya yi ƙasa, cinya ba ta buɗewa, gaban gwiwa ya kama ciwo. In ya yi sama, ƙugu zai riƙa karkata hagu da dama.

Sai taya. Taya mai ƙarancin iska tana lotsewa a kowane juyi, lotsewar kuwa ƙarfinka take mayarwa zafi. Adadin iskar da ta dace yana rubuce a gefen tayar, ka duba shi duk mako. Kada kuma ka cika ta ta yi tauri kamar dutse a hanya mai gargada, tsalle za ta riƙa yi, wannan ma asara ce. Ka ɗaga kowace ƙafar keken ka juya ta da hannu. In ta tsaya da wuri, ko birki na gugar rim, ko boris ya bushe yana son giris.

Sarƙa mai tsabta tana isar da fiye da kashi 95 cikin 100 na ƙarfin ƙafa zuwa tayar baya. Ka goge ta da tsumma, ka ɗiga mai a kowace gaɓa, ka share ragowar. Man da ya kwanta a waje ƙura yake tarawa, ƙurar ta ci haƙoran giya.

Iska ce babbar matsala, kuma ita mutane suka fi rainawa. Da gudu ya haura kilomita 20 a awa, yawancin ƙarfinka wajen keta ta yake tafiya. In ka ninka gudunka sau biyu, ƙarfin da ketawar ke nema yakan ninka sau takwas. Saboda haka a doguwar tafiya ka riƙe gudu matsakaici, ka ɗan sunkuya, ka guji riga mai kumbura, kaya kuma ka ɗaure su a bayanka. Giya mai sauƙi da juyin feda 70 zuwa 90 a minti ta fi dannar giya mai nauyi, wadda ke gajiyar da tsoka tun kafin numfashi ya ƙare.

A tudu mai tsini da cikin yashi ribar takan ragu sosai. Kana ɗaga nauyinka da na keken gaba ɗaya, ko taya tana nutsewa, alhali doki da raƙumi suna zaɓar inda za su sa ƙafa. Ka sauya giya tun kafin ka fara hawa, in kuma gudun ya sauko daidai da tafiyar ƙafa, ka sauka ka tura.