Kurakuran da ake yi idan ɗan ƙwallo ya ji ciwo a fili, dan Allah a daina

Duk wanda ya daɗe a harkar ƙananan kulob na unguwa ya san yadda abin yake, yaro ya yi zamiya a filin da ba ciyawa ko ɗaya sai burji da tsakuwa, ya tashi cinya ta ƙuje tun daga ƙugu har kusa da gwiwa, kafin ka ce kwabo mutane sun yanyame shi kowa da nasa maganin. Wannan ya ce a sa ƙasa, wancan ya ce a kawo sipirit, wani ma makilin zai ce. Na gaji da ganin sababbin kociyoyi da kyaftin-kyaftin suna maimaita abu ɗaya duk shekara, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Babban kuskuren da ya fi ci min rai shi ne zuba tarkace a kan ciwo ba tare da an wanke shi ba. Man birki, baƙin mai, fetur, toka, ƙasa, garin kafso da ake ɓarewa a zazzage, duk na gani da idona. Mutane sun ɗauka ciwo magani yake jira, alhali abin da yake buƙata a mintunan farko shi ne a fitar da dattin da ya shige shi. Ruwa mai tsabta kawai. A filayenmu ba famfo, to fiya wata ai ba ta wuyar samu, ka huda ledar da ɗan ƙaramin rami a gefe ka matse da ƙarfi yadda ruwan zai fita da tsiri ya kori yashi, leda uku ko huɗu ko fiye, sai ka ga naman ya fito fes ba baƙi-baƙi a ciki. Sabulu a kewayen ciwon ake sawa, ba a cikinsa ba. In akwai ruwan drip na gishiri da ake sayarwa a kemis ya fi ma, ni kullum akwai ɗaya a jakata. Yaron zai yi ihu, zai ce koci ya isa haka, kar ka saurare shi, domin tsakuwar da ka bari a ciki ita ce za ta zama mugunya, in ma bai rure ba fata za ta rufe a kanta ya zauna da baƙin tabo.

Wannan abin ya taɓa jawo mana asarar da har yau in na tuna raina ɓaci yake. Muna da wani yaro ɗan tsakiya, duk kulob ɗin ba kamarsa, a wata gasar unguwanni aka taka shi da ƙusoshin takalmi a ƙwauri, ciwon bai kai tsawon ɗan yatsa ba amma ya ɗan yi zurfi. Mun wanke mun rufe mun ce gobe da safe a je asibiti. Yana isa gida wani yayansa mai aikin gareji ya kwance bandejin ya tuttula masa man birki ya ɗaure da tsumma, wai haka suke yi a wurin aiki kuma jini tsayawa yake nan take. Kafin mako ya zagayo ƙafa ta kumbura tana sheƙi, kaluluwa ta fito a matsematsi, zazzaɓi ya rufe shi, sai da aka kwantar da shi aka buɗe wurin aka matse mugunya. Gasar ta wuce shi, masu zaɓen 'yan wasa da suka zo kallo ba su gan shi ba, ga kuɗin da mahaifinsa ya kashe. Haba jama'a! Man birki guba ne, na mota ne, ƙona nama yake yi, kuma ciwon da yake a ƙwauri dama ba ya saurin warkewa saboda fata ce kawai a kan ƙashi, shi ya sa nan da nan yake komawa gyambo. Tun daga lokacin in yarona ya ji ciwo ni da kaina nake raka shi gida in yi wa iyayensa bayani, in ce Baba dan Allah kar kowa ya taɓa wurin nan.

Sipirit da aidin mai ƙarfi da wannan ruwan mai kumfa na kemis, wato hydrogen peroxide, su ma ba a tuttula su cikin ɗanyen ciwo. Zafin da suke yi ba alamar aiki ba ce, suna kashe ƙwayar cuta amma suna haɗawa har da sabon naman da zai rufe wurin. Ni sipirit hannuna da almakashi nake gogewa da shi. Robb da Aboniki kuwa na ciwon jiki ne, kar su kusanci inda fata ta buɗe.

Na biyu da nake so a ji da kyau shi ne wasa da allurar tetanus, wato ciwon sarƙe haƙora. Mutane sun ɗauka sai ka taka ƙusa mai tsatsa. A'a. Ƙwayar cutar a cikin ƙasa take zaune da kashin dabbobi, to ku dubi inda muke buga ƙwallo, filin makaranta da filin idi da bayan gari, da safe awaki da shanu ne a wurin da yamma mu ne. Kuma ba a ranar take nuna kanta ba, tana iya ɗaukar kwana 3 zuwa 21, lokacin ma ciwon ya bushe an manta da shi, sai yaro ya tashi baki ya ƙi buɗuwa, wuya ya sandare, jiki na fizga, a fara cewa iska ce ko sammu. Cuta ce mai kisa, kuma in ta kama mutum jinyarta ba ƙaramar wahala ba ce. Rigakafin da aka yi wa yaro yana jariri ba ya riƙe shi har abada, ana so a sabunta duk shekara 10, in kuma ciwon mai datti ne ko mai zurfi kuma an haura shekara 5 ba a yi ba to a je a yi, a ranar ko washegari, ba sai an ga yadda ta kaya ba. Wanda bai ma san ko an taɓa yi masa ba ya faɗa wa ma'aikacin asibiti gaskiya, su suka san abin da za su ƙara masa. Koci, tsakani da Allah in kana iya tara kuɗin jesi da na rafali, kana iya kwasar yaranka zuwa asibitin sha ka tafi kafin a fara kakar wasa.

Tsayar da jini ma ana kuskure. A ɗora gozi, wato ƙyallen rufe ciwo na kemis, ko wani ƙyalle mai tsabta a danne sosai na minti 10 cur, a ɗaga ƙafar ko hannun sama, kuma a daina ɗagawa ana leƙawa, duk leƙen da ka yi ka ɓalle gudan jinin da ya fara haɗuwa. In ya jiƙe ka ƙara wani a kai, kar ka cire na farko. Ɗaure ƙafa tamau da igiyar takalmi saboda ɗan yanka ba daidai ba ne. In jinin tsiri yake yi ko ya ƙi tsayawa, ko bakin ciwon ya wage, ko a gira ne ko leɓe, asibiti kai tsaye, ɗinki cikin awannin farko ya fi kyau, kar a ce sai an tashi wasa.

Sai maganar a bar shi ya sha iska ya bushe. Tun 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya nuna ciwon da aka rufe da ɗan danshi ya fi wanda aka bari ya yi ɓawo saurin haɗewa. Ni abin da nake yi, bayan wanki in shafa basilin siriri, in ɗora gozi in kama da filasta, a canja kullum ko duk sanda ya jiƙe da gumi. Ƙujewar filin roba na faif-asaid, wato ƙwallon 'yan biyar-biyar, da ake yayi yanzu ma haka nake mata, ita har ta fi raɗaɗi. Auduga kai tsaye a kan ciwo kar a sa, mannewa take, wajen cirewa ta taho da sabuwar fata.

Bororon sabon takalmi kar a yage fatarsa, a rufe shi kawai. Ɓawo in ya fito a daina ɓamɓara. Soso ɗaya da bokiti ɗaya na goge jinin kowa a watsar da wannan al'adar, wani nau'in ciwon hanta ta jini yake bi, mai wanke ciwo ya sa safar hannu ko da leda ce. Wanda kansa ya haɗu da haƙorin wani wajen hedin har ya fashe ya je asibiti ko da ciwon ƙarami ne, irinsa saurin rurewa gare shi. Dokar ƙwallo ma ta ce mai zubar da jini ya fita, ba ya dawowa sai rafali ya tabbatar jinin ya tsaya kuma babu shi a jesi, amma a wasanninmu sai ka ga an share da riga an ci gaba.

Shan Ampiclox guda biyu don rigakafi shi ma a bari, likita ne zai ce a sha ko kar a sha. Abin da za ka sa wa ido a kwanakin farko shi ne ja ko kumburi da ke ƙara faɗi, wurin ya yi zafi, zogi na ƙaruwa maimakon raguwa, mugunya ko wari, kaluluwa, zazzaɓi. Ko ɗaya daga ciki ka gani yaron ya ajiye but, ba tirenin ba wasa, a kai shi asibiti a ranar.